Usur a Wuya, Amana a Ka: Kwana Uku Tsakanin Gwaram da Birnin Kudu

Mai karatu, idan kana da ɗa a sakandare, wataƙila ka san malamin da ke koya masa lissafi. To malamin da ke fita da shi fili da yamma fa, wanda ke sa shi gudu har rigarsa ta jiƙe sharkaf, ka taɓa ganin fuskarsa? Ni kaina ban taɓa ɗaukar aikin da muhimmanci ba, alhali yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi yake yi. A gida tsokanarsa muke: mutum ya yi karatu har kwalejin ilimi, ya ƙare da usur a wuya. Sai da na bi shi kwana uku a kakar bara, sannan bakina ya mutu.

Waya ya yi mini ranar wata Litinin. Ya ce yaransa suna da wasan sada zumunta ranar Asabar da wata makaranta a Birnin Kudu, kuma a fitarsu ta baya wani yaro ya yanke jiki ya faɗi, aka rasa mai yi masa komai sai fifita da kwali. "Ke da kike malamar jinya, ki zo ki tsaya mana a bakin fili." Na ce masa hutuna na kwana uku ne kacal. Ya ce ai su yake so.

Daga Kano na taso da safiyar Alhamis. In ka haye gadar Wudil ka miƙa, a hankali za ka ga ƙasa tana sauya kama, har manyan duwatsu su fara leƙowa ta bayan gonaki, wasu a ɗore kan wasu kamar da hannu aka jera su. Da ka gan su ka san Birnin Kudu ta kusa. A garin nan na yi karatun jinya, don haka kowace kwana tana da abin da take tuna mini. Baƙo yakan san garin da asibitin tarayya, ko da zanen shanu na mutanen da da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, da duwatsun da in an buga su suke amo kamar ƙararrawa. Wasu kuma da tsohuwar kwalejin gwamnati suka san shi, inda marigayi Abubakar Rimi ya yi karatu, inda Aliko Dangote ya kammala a 1978.

Irin waɗannan makarantun kwana na da, da filinsu aka gina su. Yaro yana hannun makaranta dare da rana, an ci abinci, an huta, ƙararrawa ta kaɗa, kowa ya fito wasa. Makarantar yayana ba haka take ba. Ta jeka-ka-dawo ce, a wani gari cikin ƙasar Gwaram, kuma da an tashi da rana yaro ya bar hannun malami ya koma hannun gida. Wannan bambancin shi ne tushen rabin wahalarsa, amma sai daga baya na gane.

A tasha ya tarye ni da babur ɗinsa. Muka wuce Babaldu muka nausa. Ƙasar Gwaram tana iyaka da jihar Bauchi, kuma ta fi arewacin Jigawa duhun itatuwa da tuddai. Kogin Bunga, wanda ke gangarowa daga tsaunukan Jos, can gaba a kira shi kogin Jama'are, ta nan yake ratsawa. Lokacin ruwa ya fara ja, yashi ya fito fari tas. Ko'ina ka duba aiki ake: an tsayar da dammunan riɗi suna shan rana, ana cirar gyaɗa, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran lauje. Na ce masa, "Yaya, garinku akwai kyau." Ya ce, "Kyan nan da kike gani shi ke kwashe mini 'yan wasa."

Filin yana bayan ajujuwa. Turaku biyu na darbejiya a kowane gefe, an ɗaura igiya a sama, raga ke nan. Da toka ake ja layi, kuma yaran ne ke kawo ta daga murhun iyayensu mata. Hanyar masu zuwa rafi ta ratsa ta tsakiyar fili, don haka wasa kan tsaya a jira amalanken shanu ya wuce. Ƙwallo ɗaya ce mai rai, ta sha faci har ba a gane asalin launinta. Kafin a fara komai sai yara sun yi sahu sun bi filin suna tsince tsidau da ƙaya da fasassun kwalabe, domin fiye da rabinsu ba takalmi suke bugawa, masu takalmin ma wasu ƙafa ɗaya ce, an raba tsakanin aboki da aboki: mai bugun dama ya ɗauki dama, bahago ya ɗauki hagu. Wannan ya ba ni dariya. Da na tambayi wa aka taɓa yi wa allurar rigakafin sarƙe-haƙora tun bayan yarinta, aka yi tsit, sai dariyar ta koma ciki.

Ya sa atisaye ƙarfe huɗu da rabi, bayan la'asar. Yaro ashirin da biyu ke cikin littafinsa. Goma sha uku suka zo. Ya bi sunayen yana ba ni dalili ba tare da ya tambayi kowa ba: wannan yana gona, wannan ya kai kaya kasuwar Sara, wannan Islamiyya, wannan shi ke kiwon gidansu, wannan daga ƙauyensu tafiyar awa guda ce a ƙafa, in ya koma gida ba ya iya dawowa. Ba wanda ya ƙi zuwa don lalaci. Ka duba shekarar makaranta da idonsa, mai karatu. Zangon farko kaka ce. Zango na biyu hunturu ne da ƙura, daga nan zafin bazara ya sauko, kuma a 'yan shekarun nan azumi a cikinsa yake faɗowa. Zango na uku manyan yara sun shiga jarrabawar fita, ga damina ta kankama, kowa ya koma bakin garma. Yaushe ne lokacin ƙwallo? Duk da haka in an kira gasar makarantu, ana so ya fito da tawaga. Kuma ba wasanni kaɗai yake koyarwa ba. Da safe an haɗa masa wani darasin saboda ƙarancin malamai.

A cikin waɗanda ba su zo ba har da mai tsaron raga. Shi ba aiki kaɗai ya riƙe shi ba, mahaifinsa ne ya ce ba shi ba ƙwallo. Bayan magariba yayana ya sa babbar riga, ya cire usur, ya ce in zo mu je.

Ni cikin gida na shiga wajen uwar yaron, amma zauren ba nisa, ina jin komai. An daɗe ana gaisuwa. Dattijon ba mai faɗa ba ne, kuma maganarsa ba ta wauta ba ce. Ya ce, "Malam, riɗi ba ya jira. In ya bushe ba a kaɗe shi ba, ƙasa za ta sha. Yaron nan shi ne babba a gabana. In ya karye a wajen guje-gujenku, wa zai ba ni hannu? Kuma wa ka gani a garin nan ƙwallo ta ciyar?" Yayana bai kawo masa labarin Ahmed Musa ba, wanda ya tashi daga Kano Pillars ya je Turai, don ya san a yaro dubu da wuya ɗaya ya kai can, dattijon ma ya sani. Cewa ya yi, "Baba, ban yi maka alkawarin zai zama wani abu da ƙwallo ba. Abin da na sani, shekara biyu da suka wuce yaron nan ya kusa barin makaranta. Raga ce ta dawo da shi aji, don dokata ita ce wanda bai shiga aji ba ba ya shiga fili. Ka ba ni aronsa ranar Asabar. Ranar Lahadi ni da yarana za mu zo gonarka." Shiru ya yi tsawo. Can dattijon ya ce, "Amana ce. Yadda ka ɗauke shi, haka za ka dawo mini da shi."

A hanyar komawa na ce masa, "Yaya, ka san ba a hannunka wannan alkawarin yake ba." Ya ce ya sani. Ya ce kowace shekara sai ya zauna a zaure irin wannan sau biyar ko shida, kuma a kwaleji ba wanda ya koya masa wannan darasin.

Ranar Juma'a da safe na ce a tara mini su a inuwa in duba su ɗaya bayan ɗaya. A nan aikina ya buɗe mini ido. Tambayar farko: wa ya karya kumallo? Hannu bai kai rabi ba. Na ja fatar idon wasu na ga ta yi fari, alamar ƙarancin jini. Na tambayi masu ganin jini a ƙarshen fitsari, suka fashe da dariya suna nuna juna, don a wajensu tsargiya ba ciwo ba ce, abin da duk mai wanka a rafi yake yi ne. Alhali tsutsa ce, tana shan jinin yaro a hankali, kuma maganinta 'yan ƙwayoyi ne da ake sha a rana ɗaya. Na tambayi wanda ya san rukunin jininsa na gado, ko AA ne ko AS ko SS. Mutum ɗaya. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da ƙwayar sikila, malami yana sa yara gudu a rana bai san wa ke ɗauke da me ba. Mai AS yana wasansa lafiya, ba a hana shi, sai dai ƙishirwa da zafi da gudun wuce kima sun fi yi masa illa, ya kamata a san shi a sa masa ido.

A nan zan ɗan tsaya in yi magana da ke, uwa. Yayana ya ce akwai iyayen da ke ɓoye masa cewa yaro yana da asma ko farfaɗiya, don kada a ce ɗansu mai lalura ne. Sai ranar da abin ya tashi a tsakiyar fili. Ɓoyewar nan ba ta kare yaron daga komai. Ki aika a faɗa wa malamin a asirce, ya san inda zai ajiye shi da abin da zai yi in ta taso.

Sai na zo kan wanda suke kira Lamba Bakwai, gwaninsu, ɗan siriri mai gudu kamar barewa. Tun kafin in taɓa shi na ga leɓensa a bushe. Na sa masa ma'aunin zafi, ya haura 38. Kwana uku ke nan yana zazzaɓi yana ɓoyewa, yana sayen ƙwayoyi a kanti yana haɗiya don kada a cire shi. Da na matsa, ya fito da su daga aljihu a ƙulle a leda. Biyu na rage zafi ne. Ta ukun wani abokinsa ne ya ba shi, wai tana hana gajiya. Na gane ta, kuma na san inda take kai samari. Muka kai shi ɗakin shan magani, gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro, aka ɗora shi kan magani. Na ce wa yayana gobe ba zai buga ba.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Wata biyu yana gina wasansa a kan yaron nan. Ya ce, "Ko minti ashirin?" Na ce ko biyar. Yaron ya yi ta kuka yana rantsuwa ya warke. Yayana ya juya baya ya daɗe yana kallon turakun raga, sannan ya kira shi ya ce zai tafi da shi, amma shi zai riƙe jarkar ruwa. Maganar ƙwayar kuwa, ya tara su duka ya yi musu ita ba tare da ya kama suna ba.

'Yan mata suna can gindin darbejiya suna kallonmu. Na je na zauna da su. Ba su da malamar wasanni, kuma ba uban da zai yarda namiji ya fita da 'yarsa fili, ni ma ban ga laifinsa ba. Wata ta ce ita ta fi yayanta gudu, a tambayi kowa. Na gaya musu tun 2014 dokar ƙwallon ƙafa ta duniya ta amince mace ta buga da ɗankwalinta, kuma a gasar kofin duniya ta mata ta 2023 wata 'yar Maroko ta buga da hijabi. Suka ce to su wa zai koya musu? Ban da amsa. Ni ma na yi tseren mita ɗari a ƙaramar sakandare, daga aji uku ban sake ba, kuma ba wanda ya hana ni; babu dai wanda ya kira ni ne.

Asabar da sassafe muka cika wata tsohuwar bas. Kuɗin motar karo-karo ne: shugaban makaranta ya ba da abin da ya samu, malamai suka sa hannu, wani mai shago ya ba da buhun fiyawata biyu, ragowar daga aljihun yayana. Jesin aro ne daga ƙungiyar samarin gari. Na dafa musu ruwan gishiri da sukari a jarka, cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a kowace lita, na sa aka saya musu ƙosai da burodi, na tsaya a kansu sai da kowa ya ci.

Da muka isa Birnin Kudu aka fito fili, sai na ga yaranmu sun yi tsuru-tsuru. 'Yan bayan ɗaya makarantar biyu ƙarti ne, ɗaya har da gemu. Yayana ya je ya yi magana da takwaransa, aka ce ai ɗalibai ne, ga sunansu a rajista. Ta yiwu gaskiya ne, don a karkara akwai mai shiga sakandare a makare. Ta yiwu kuma haya aka yi. Wa zai tantance, alhali da yawan yaran ba su da takardar haihuwa? Matsalar ba ta ƙauye kaɗai ba ce. Najeriya ta ci kofin duniya na matasa sau biyar, daga 1985 zuwa 2015, amma zancen shekaru bai taɓa barinmu ba, har a gasar 2009 da aka yi a nan gida, wadda Kano da Bauchi suna cikin masu masauki, hukumar FIFA ta shigo da hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekarun 'yan wasa. A filin makaranta ba na'ura, sai ido da tsoron Allah. Ni abin da nake gani a matsayina na ma'aikaciyar jinya shi ne nauyi: ɗan shekara sha biyar da ƙashinsa bai gama ƙwari ba, ya yi karo da ɗan ashirin da biyu.

An tafi hutun rabin lokaci ba ci. Mai tsaron ragarmu ya kaɗe ƙwallo uku da har yanzu ina ganinsu a idona. Lamba Bakwai yana zagayawa da jarka yana ba su ruwa yana yi musu faɗa kamar shi ne kociya. Bayan an dawo da kamar minti goma aka bugo kwana, golan ya tashi sama, mai gemun nan ya tashi tare da shi, suka haɗu. Ya sauko a kan hannunsa na hagu. Daga inda nake na ji ƙarar.

Kafin in isa har wani ya kama hannun zai ja, wai targaɗe ne. Na daka masa tsawa. Hannun ya lanƙwashe sama da wuyan hannu kaɗan. Na duba yatsun, da ɗumi, yana motsa su. Na karya kwalin da muka zo da burodi a ciki na yi masa tallafi, na naɗe da bandeji, na rataye masa a wuya da ɗankwalina. Nan take shawara ta rabu biyu: wasu suna cewa a kai shi wajen maɗori, akwai gwani a kusa, wasu suna cewa asibiti. Ba na raina maɗora, akwai waɗanda suka gaji abin kuma hannunsu na da kyau. Amma na sha karɓar yaran da aka ɗaure wa karaya tamau har jini ya daina zagayawa, aka kawo su bayan kwana huɗu yatsu sun yi baƙi, ba abin da ya rage sai yankewa. Duk inda aka yi ɗori, in ka ga yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, sun sauya launi, ko yaro ya ce ba ya jin su, ko ciwon yana ƙaruwa maimakon raguwa, a kwance ɗaurin a nufi asibiti a daren, kada a jira safiya. Yayana ya ce asibiti, kuma shi zai biya. Hoto ya nuna karaya ce mai sauƙi, aka gyara aka sa filasta, aka ce mako shida. An ci mu biyu ba ko ɗaya, a waya muka ji.

Bayan isha muka isa ƙofar gidan. A mota yayana bai ce uffan ba. Na ce bari in shiga in yi bayani, tunda aikina ne. Ya ce a'a, shi ya ɗauki amanar. Ya yi sallama, ya tsuguna a zaure, ya faɗi yadda aka yi tiryan-tiryan, bai ɗora wa mai gemu ba, bai ɗora wa fili ba. Dattijon ya haska hannun da tocila, ya daɗe yana kallon farin filastan. Ya tambayi ɗansa ko yana ciwo. Yaron ya ce kaɗan, sannan, don ƙuruciya, ya ƙara da cewa, "Baba, uku na kaɗe." Ba wanda ya yi dariya. Dattijon ya ce, "Allah Ya kiyaye gaba. Malam, sai da safe." Daga cikin gida ina jin uwar tana kuka ƙasa-ƙasa.

Motar da zan bi zuwa Kano ta ƙarfe tara ce ranar Lahadi, don haka na roƙi yayana ya biya da ni ta gonar. Tun bakwai suna can. Na ƙirga yaro goma sha tara, sun fi waɗanda suka zo atisaye ranar Alhamis. Sun shimfiɗa tamfol, suna ɗauko dammunan riɗi suna kifawa suna kaɗewa, yayana a tsakiyarsu ya naɗe ƙafar wando. Lamba Bakwai, da na ce ya kwanta ya huta, yana gindin wata ɗorawa tare da golan, su biyu suna riƙe bakin buhu da hannu uku. Dattijon yana gefe yana auna abin da aka tara, bai kalli yayana ba.

Da zan tafi na je na durƙusa na yi masa sallama, na tuna masa ranar komawa asibiti da alamun da zai duba a yatsun. Ya gyaɗa kai. Har na miƙe sai ya ce, "'Yata, in an cire abin nan, hannun zai koma daidai?" Na ce da yardar Allah zai koma. Ya ce, "Har ya riƙe fartanya?" Na ce har fartanya. Ya ɗan yi jim, ya kalli wajen ɗorawar, ya ce, "To ita ƙwallon fa?"